Jinin da Ake Damawa a Kicin

A shekarar 1965 kamfanin Kodak ya fito da wani ɗan siririn fim da ya kira Super 8. A cikin ɗan akwatin roba yake zuwa, ka zura a kyamara ka danna, ba sai an koya maka komai ba. Tsawonsa ƙafa 50, wato minti 3 da daƙiƙa 20 idan an ɗauka da saurin da aka saba. Don magidanta aka yi shi: uba ya ɗauki ɗansa yana koyon tafiya, ko bikin aure, ko fita shan iska bakin teku. Abin da kamfanin bai sa a lissafi ba shi ne ranar da uban zai tafi aiki ya bar kyamarar a kabad, alhali a gidan akwai yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ya kwana yana kallon fim ɗin dodo a talabijin.

Daga hannun irin waɗannan yara wata al'ada ta tsiro a unguwannin Amurka da Turai, wadda ba ta da ofis, ba ta da shugaba, jaridu ma ba su san da zamanta ba sai ranar da 'yan sanda suka shiga maganar. Gajerun finafinai ne na yanka da ɓarin jini, da ake yi da kuɗin kashewa na makaranta, a gareji ko a dajin bayan unguwa, ɗan wasa ƙanenka ne, mai riƙe fitila abokinka. Shi kansa fim ɗin ne ya tsara musu salo. Wanda yake da minti uku kacal, kuma sai ya aika an wanke ya jira kwanaki kafin ya ga abin da ya ɗauka, ba shi da lokacin gabatar da jarumi da danginsa. Ga mutum yana tafiya a daji, ga wani a bayansa da gatari, shi ke nan an iso wurin da ake so. Da yawa ma babu murya, domin sai a 1973 aka samu Super 8 mai ɗaukar sauti.

Ba su ne suka ƙago son kallon jini ba. A Paris akwai wani ɗan gidan wasan kwaikwayo, Grand Guignol, da ya yi daga 1897 zuwa 1962 yana ƙwaƙule ido da yanke maƙogwaro a kan dandali, masu kuɗi suna biyan tikiti. Shekara guda bayan rufe shi Herschell Gordon Lewis ya ɗauki Blood Feast a Miami da dala 24,500, ya sa harshen tunkiya a bakin wata 'yar wasa aka fizgo. Fim ɗin ba shi da kyau ko kaɗan, kuma darasin da yaran suka ɗauka daga gare shi ke nan: ashe ba sai ka iya ba.

Wurin da suka zuba basirarsu kaf shi ne haɗa jini da nama. A nan ne nake ganin darajar wannan harka take, idan tana da wata daraja. Jinin fim a Amurka da zumar masara ake yin sa, wadda ake sayarwa a kwalba da sunan Karo, a zuba kalar abinci ja, a ɗiga shuɗi kaɗan don kada ya fito kamar jan fenti. Dick Smith, babban gwanin kwalliyar fim, shi ya daidaita haɗin, kuma tun 1965 ya wallafa ɗan littafi yana koya wa yara yadda ake mai da fuska ta dodo da kayan gida. A fim baƙi da fari ko ja ba a buƙata: George Romero da ruwan cakulan ya yi jinin Night of the Living Dead a 1968. Sai roba mai ruwa da ake shafawa a fata ta bushe ta zama wata fatar, a cusa siririn tiyo a ƙarƙashinta, wani ya tsuguna inda kyamara ba ta gani da sirinji a hannu, wuƙa na taɓa wuya ya matsa. Kayan ciki kuwa daga mahauta ake sayo su. Idan aka yi jinkirin ɗauka, wari ne zai kori kowa. Hatta manya abin ya ci su: a wurin ɗaukar Day of the Dead na 1985 an cire wayar firjin da aka adana hanji, ya ruɓe, haka nan aka kwantar da ɗan wasa a cikinsa aka ɗauka.

Wanda ya haɗa wannan hanjin, Tom Savini, shi ne gwarzon yaran. Ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, ya ga gawa ta gaske, ya dawo Pittsburgh yana ƙera ta ƙarya. Littafinsa na 1983, Grande Illusions, ya tona asirin sana'ar mataki-mataki. Mujallar Fangoria, da ta fara fita a 1979, tana buga hoton kan da aka fasa tare da bayanin yadda aka yi shi. Kafin ita akwai Cinemagic, da Don Dohler ya fara a Baltimore a 1972 musamman don masu fim a gida. Wanda ya taso da waɗannan takardu, idan ya ga an sare kai a fim, tambayar da ke fara zo masa ita ce: yaya aka yi wannan? Kallon mai siddabaru yake yi, yana neman inda aka ɓoye zaren. Wannan ne mutanen da ke waje ba su cika ganewa ba, har yau.

Kowa da abin da ya samu a gidansu. Peter Jackson, a ƙauyen Pukerua Bay na ƙasar New Zealand, a cikin abin gashin mahaifiyarsa ya riƙa gasa fuskokin roba na dodanninsa, har ma girman abin gashin ne ya ƙayyade siffar kawunan. Gajeren fim ya yi niyya a 1983, abu ya yi ta tsawo ƙarshen mako bayan ƙarshen mako, shekara huɗu, ya zama Bad Taste na 1987. Olaf Ittenbach na yankin Bavaria a Jamus mai haɗa haƙoran roba ne, ya mai da ƙwarewar aikin rana ta koma ƙera raunuka a fim ɗinsa Black Past na 1989. A Long Island, Nathan Schiff yana ɗan shekara 16 ya yi Weasels Rip My Flesh da dala 400 a 1979. Shi kuwa Sam Raimi na jihar Michigan, a 1978 ya tara dala 1,600 ya kai abokansa wani gidan gona, suka ɗauki Within the Woods a kan Super 8, kimanin rabin sa'a, don ya nuna wa masu hannu da shuni su zuba jari a babban fim. Suka zuba, aka samu The Evil Dead a 1981. A wurin ɗaukar wannan babban fim ne rigar Bruce Campbell, jarumin finafinan biyu, ta sha zumar masara har ta sandare, da ta bushe ya zo sawa sai ta karye.

Sunayen Raimi da Jackson ake fara kawowa duk lokacin da ake son wanke wannan harka, tunda ɗaya ya je ya yi Spider-Man, ɗayan ya kwashe kyaututtukan Oscar da The Lord of the Rings. Ni wannan hujjar ba ta gamsar da ni. Tana mai da dubban yaran da ba su je ko'ina ba kamar waɗanda suka faɗi jarrabawa, alhali yawancinsu ba su zauna wata jarrabawa ba. Sun yi fim ɗinsu na minti takwas, sun haska a bangon ɗaki, abokai sun yi ihu, an watse. Wani ya zama makaniki, wani malamin makaranta. Su ne harkar. Raimi da Jackson su ne waɗanda suka fita daga cikinta.

Sai kaset ɗin bidiyo ya zo, a farkon shekarun 1980, ya sauya lissafin. Kaset guda yana ɗaukar sa'o'i biyu, ba wanki, ba jira, idan ka ɓata ka goge ka sake. Mu ma mun san wannan juyin, don shi ne ya haifi Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, da Living in Bondage a kudu a 1992. Kyamara iri ɗaya ce, talauci iri ɗaya, sai dai abin da kowa ya ɗora a gabanta ya bambanta. A can Amurka da Turai, shagunan hayar kaset sun buɗe a kowace kusurwa, kantocinsu na neman abin cikawa, kuma mai haya ba ya ganin komai sai hoton kwali. Tagwaye Mark da John Polonia na wani ƙaramin gari a Pennsylvania suna samari suka fitar da Splatter Farm a 1987. Chester Turner, baƙar fata a Chicago, ya yi nasa biyu, shi ne darakta, shi ne mai kiɗa da ɗan ƙaramin piyanon lantarki. A Hamburg, Andreas Schnaas ya ɗauki nasa a 1989, fim ɗin da sunansa ma ashar ne, babu labari a ciki sai wani mahaukaci da wuƙar fawa.

Gaskiya bidiyo ya ɓata wani abu. Ƙarancin fim ya tilasta wa 'yan Super 8 su yi tunani kafin su danna. Mai kaset ba abin da ke korarsa, sai ka ga an yi minti biyar ana nuna mutum yana tuƙa mota, ko yana hawa bene, don dai a cika sa'a guda da rabi a samu shiga shago. Labarin da bai fi na minti goma ba aka ja shi har ya tsinke. Gajerun da suka tsaya a gajartarsu kuwa ba mai sayensu, sai a haɗa biyar ko shida a kaset ɗaya.

Yadda suke yawo shi ne abin da ya fi wuya a fahimtar da ɗan yau. A bayan 'yan mujallun da ake bugawa da fotokwafi akwai ƙananan talloli: ga jerin abin da nake da shi, aiko naka mu yi musaya. Ka sa kaset a ambulan, ka kai gidan waya, ka jira makonni. Abin da zai zo maka kwafin kwafin kwafi ne, an jona na'ura biyu an juye sau shida ko bakwai, launi ya zube, hoto na rawa, ƙasan allo na tartsatsi, wani lokaci da rubutun Japananci ko Jamusanci da ba ka iya karantawa. Kamar dai yadda littafin soyayya yake zagaya unguwa daga hannun wannan budurwa zuwa waccan har bango ya fita, ba a san mai shi na asali ba. Lalacewar hoton kuwa ita ce babbar mai taimakon darakta. Ta rufe tiyo, ta rufe bakin roba, ta mai da zumar masara baƙi-ƙirin. Abin da aka yi da dala hamsin a gareji, bayan juyi na bakwai sai ya koma kamar wani mugun abu da aka ɗauka a ɓoye, wanda bai kamata ka gani ba.

Nan ne hukuma ta riƙa ruɗewa. A Birtaniya, bayan kururuwar wata mai rajin kare tarbiyya, Mary Whitehouse, da wasu jaridu, ofishin mai gabatar da ƙara ya jera finafinai 72, aka yi nasarar hukunta 39 a kotu, aka kafa dokar 1984 da ta wajabta tace kowane kaset. The Evil Dead na cikin jerin. Ga matasa, jerin ya zama takardar cefane. A Jamus ta Yamma akwai sashe na 131 na dokar laifuka, da ya hana ɗaukaka zalunci a hoto, kuma matsin da ya jawo shi ne ya tunzura Jörg Buttgereit, wanda ya fara da gajerun Super 8 a Barlin, ya yi Nekromantik a 1987 ba tare da ya kai wa masu tacewa ba. Kashi na biyu 'yan sanda suka ƙwace a Munich a 1991, sai da wani masanin fim ya rubuta wa kotu cewa aikin fasaha ne kafin a sake shi. Mafi ban dariya shi ne na ɗan wasa Charlie Sheen, wanda a 1991 kwafin wani fim ɗin Japan na jerin Guinea Pig ya faɗo hannunsa, ya tabbata a ransa kisan gaske ne, ya kai wa hukumar FBI. Bincike ya tsaya ne da aka ga bidiyon da ke nuna yadda aka ƙera gaɓoɓin.

Kada a ɗauka ina yi musu kirari. Mafi yawan finafinan nan ba su kalluwa, kuma ba don jini ba, don gundura. Wasu kuma akwai cuta a zuciyarsu. Idan ka ga cewa a kowane fim mace ce ake ɗaurewa, kuma kyamara ta fi daɗewa a kan kukanta fiye da kan siddabarun, ka san ba sha'awar roba da kala ce ta kawo mai shi ba. Akwai waɗanda suka sa yankan dabba na gaske don su ƙara wa ƙaryarsu nauyi, wanda a wurina ha'inci ne ga sana'ar kanta, bayan zalunci. Ga wanda ya taso inda ake gaggauta suturta mamaci, ake rufe shi daga idon jama'a, ake kallon wulaƙanta gawa a matsayin babban laifi, ba abin mamaki ba ne ya ji ƙyamar abin gaba ɗaya, kuma ba na ganin yana buƙatar a wayar masa da kai. Abin da kawai nake riƙe da shi shi ne, a mafi kyawunsu akwai yarjejeniya tsakanin mai yi da mai kallo: ƙarya zan yi maka, kai ma ka sani, ga sunan wanda na kashe a jerin sunaye, gobe ma shi zai riƙe mini fitila.

YouTube ya buɗe a 2005, gidan waya ya fita daga zancen. Wayar da ke aljihun ɗalibi yau ta fi kyamarar Schnaas nesa ba kusa ba, kuma darasin da ake jira wata guda a gani a mujalla yana nan kyauta. Ƙofar shiga manyan masana'antu ma ta ƙara faɗi. David Sandberg na Suwidin ya yi Lights Out da matarsa a cikin gidansu a 2013, bai kai minti uku ba, ba jini ma, Hollywood ta kira shi. Damien Leone na New York, wanda ya koyi kwalliya daga kallon aikin Savini, ya fito da wani mugun ɗan kama a gajeren fim na 2008, ya maimaita shi a 2011. Terrifier 2 da ya yi da wannan ɗan kaman a kan dala 250,000 a 2022 ya kawo sama da miliyan 15, na ukun kuma ya hau saman jerin sinimomin Amurka a makon fitarsa a Oktoban 2024. Irin abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado a 1989, yanzu ana sayar da rigunansa a kanti.

Amma ɓuya ba ta ƙare ba, kama ta sauya. Da, ba a san fim ɗinka ba saboda kwafi talatin ne a duniya, kuma duk wanda ya samu ɗaya ya sha wuya, zai kalla har ƙarshe, ya rubuto maka wasiƙa. Yau yana nan a fili, kowa na iya gani, mutum arba'in suka leƙa, rabinsu suka wuce kafin minti guda. Manhajar YouTube ma idan ta hango ja da yawa sai ta sa masa shingen shekaru, ta hana shi talla, ta daina nuna shi. Jinin kansa ya koma na kwamfuta, ana sauke shi a shirye a manna a kan hoto, ba ya jiƙa riga, ba ya kiran ƙuda. A Wakaliga da ke Kampala, Nabwana Isaac, mai Who Killed Captain Alex? na 2010, ya bi duka matakan a 'yan shekaru: ya fara da jinin saniya, wani ɗan wasansa ya kamu da cutar da ake ɗauka daga shanu, ya koma kalar abinci, ya haɗa da fashe-fashen kwamfutar da ya harhaɗa da hannunsa.

Shari'ar da nake gani ta rufe tsohon zamanin ita ce ta Rémy Couture, mai kwalliyar fim a Montreal ta Kanada. Ya sa hotuna da gajerun finafinai a intanet, wani a Austriya ya gani a 2006 ya kai ƙara, magana ta bi ta hannun 'yan sandan ƙasa da ƙasa, har wani likitan binciken gawa ya ce ba zai iya rantsuwa cewa ba kisan gaske ba ne. Aka kama shi a 2009 da tuhumar gurɓata tarbiyya, a Disamban 2012 kotu ta wanke shi. Gwanintarsa ce ta kai shi gaban alƙali.

Yanzu tambayar ta juya. Shekara talatin hukumomi suna duban jinin ƙarya suna fargabar ko na gaske ne. Mu kuwa na gasken ne ke shigo mana waya ba sallama. Tanka ta kife, ko 'yan bindiga sun shiga ƙauye, kafin dangi su ji labari bidiyon ya zagaya zaurukan WhatsApp, da Innalillahi a samansa, gawar ɗan wani a buɗe, ana turawa gaba. Shafin LiveLeak ya rayu a kan irin wannan daga 2006 har aka rufe shi a 2021, kuma rufewar ba ta rage komai ba. Tun da ƙirƙirarriyar basira ta iya haɗa hoto, abin da mai kallo ke fara cewa shi ne: anya ba haɗi ba ne? Mutumin da ba zai bar ɗansa ya kalli kan roba na Ittenbach ba, shi ne zai miƙo maka wayarsa a majalisa ya ce dubi abin da ya faru a hanya jiya. A cikin biyun, ban ga yadda za a ce na garejin ne ya fi cin mutuncin ɗan Adam ba.

Su kuwa tsofaffin kaset-kaset ɗin, masu tara kayan tarihi suka gaje su. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe mai ƙera na'urar bidiyo, ya daina a 2016, zaren kaset kuma yana mutuwa da kansa ko ba a taɓa shi ba. Shafin Bleeding Skull tun 2004 yake bin diddigin waɗannan finafinai, cibiyar American Genre Film Archive da aka kafa a Austin ta jihar Texas a 2009 tana juye su zuwa faifai. Chester Turner, wanda aka yi shekaru ana cewa ya mutu a hatsarin mota, a 2013 aka gano shi da ransa, kaset-kaset ɗinsa na asali kuma ana sayensu da ɗaruruwan daloli. Nekromantik ya samu izinin hukumar tace finafinan Birtaniya a 2014 ba a yanke ko daƙiƙa ba, ya fito a kwali mai ƙyalli da sharhin masana. Idan aka goge hoto ya fito tas, sai ka ga bakin roba a wuya, ka ga inda kala ba ta gauraya ba. Within the Woods bai samu wannan gatan ba. Raimi ya yi amfani da kiɗan wasu ba da izini ba, saboda haka ba a taɓa fitar da shi kasuwa ba, kuma duk mai son ganinsa yau sai dai ya nemi wani dusasshen kwafi da aka juyo daga kaset, wanda a wasu wuraren da ƙyar ake gane fuskar Bruce Campbell.